Saniyar da ba ta iya faɗin damuwarta ba

Mun tashi da asuba daga Daura, ni da ƙanwata mai karatun kula da dabbobi, muka nufi rugar Baffa a bayan Mai'adua. Saniyar da marigayiya mahaifiyarmu ta bar mini ce zai kai kasuwa ranar Lahadi. Tun haihuwar fari ba ta sake ɗaukar ciki ba, ya ce ta zama juya.

Kwalta lafiya lau. Da muka sauka, 'yan acaba suka tsuga kuɗi kamar Makka za su kai mu. Gero ya yi kai dama da hagu, ina bayan babur ina ta raya cewa ni ce jarumar littafi da ta fito ceton masoyi, har wani rami ya dawo da ni hayyacina.

Bijimin Baffa ya bi garke kudu, sai an ja saniya zuwa wurin bijimin rugar maƙwabta, ita kuwa ba ta kuka, ba ta hawan 'yan'uwanta, balle a san ranar da za a kai ta. Ƙanwata ta fito da ma'aunin zafi, ta ce in saniya na neman barbara, madararta kan ɗan ƙara ɗumi.

Baffa ya yi dariya. "'Yar nan, yau kuma nono ne ba shi da lafiya?"

Awon farko shirme ya zama. Goggo, matar Baffa, ta saba tatse shanu duka cikin ƙwarya ɗaya, ashe madarar kowa muka auna. Da ƙyar ta yarda ta ware mana ƙoƙo, tana mitar mun mai da ita ma'aikaciyar asibiti. Kullum da safe muna tsugune gefenta, da rana mu sha fura mai kauri irin wadda babu ita a gari. Awo bai motsa ba. Ranar Juma'a na ga Baffa yana gyara igiyar kai ta kasuwa.

Asabar da safe ƙanwata ta duba, ta sake dubawa.

"Yaya, ya hau!"

Muka ja saniyar zuwa rugar maƙwabta. Ta tsaya wa bijimin nan cak, ni na kau da kai don kunya. Baffa ya ce a bar ta mu ga abin da Allah zai yi.

Mun shigo Daura ranar Lahadi da yamma, motocin shanu daga kasuwa suna wuce mu, ina leƙa kowace ina hamdala. Na koyi cewa mai shiru ma tana da abin da take so, sai dai a ware mata ƙoƙonta.