Keken abokina da ɗari biyar ɗin da na hana

Shekarun baya, lokacin da aka fara shari'a a Zamfara, ina da rumfar saye da sayar da tsofaffin kekuna a Kaura Namoda. A lokacin ji nake ba mai iya ciniki kamar ni a duk kasuwar.

Wata ranar kasuwa abokina ya turo kekensa daga Moriki, zai sayar ya sayi taki. Ya ce dubu uku. Na matsa taya, na kaɗa sarƙa, na ce dubu biyu da ɗari biyar.

“Haba, kai ma ka san wanga keke ya fi haka,” in ji shi.

Gardama ta yi tsawo har mutane suka taru. Da ya ce zai kai wa maƙwabcina, raina ya ɓaci, na ɗaga murya na ce, “Keken da ba shi da rasit? Wa ya san inda ya fito?”

Wallahi so nake kawai ya rage. Amma a kwanakin nan ba zancen da ake yi sai na yanke hannun ɓarawo. Wani mutumin Zurmi ya kutso, ya ce keken nan ya yi kama da nasa da aka sace. Kafin abokina ya buɗe baki an rufe shi da duka. Ina tsaye. A gabana ya sayi keken a Shinkafi, ni ma na taya shi ciniki, amma tsoro ya hana ni magana, kada a ce tare muke.

Kwana tara ya yi a tsare, sai da yayansa ya kawo wanda ya sayar masa ya yi rantsuwa gaban alƙali. An sake shi, amma kunnensa na hagu ya mutu. Ba a daina nuna shi ba, har ya kwashe iyalinsa ya koma Jangeru.

Bayan shekaru na gan shi wurin wata jana'iza. Na matsa kusa, na ce a hankali, “Ka yafe mini.”

Ya juyo da ɗaya kunnen, ya ce, “Mi ka ce?”

Na ce, “Ya iyali?”

Ya rasu bara waccan. Na daɗe da barin sana'ar keke. Har yau idan ciniki ya fara zafi, ko na tumatir ne, biya nake yi in wuce.