Kusurwar Fangalin Illo

Illo ɗan Takama taubashina ne, don haka tun ranar sunansa nake da izinin zaginsa, kuma ban taɓa wasa da wannan izini ba. Gajere ne, ga kunnuwa kamar faifai, ga shiru mai ba da haushi. Albasa yake nomawa a ƙauyenmu, tafiyar awa guda a ƙafa daga Galmi. Amma yau ba zaginsa na zo yi ba.

Shekara biyar ya yi a lakwal, wato makarantar boko, kuma a shekara biyar ɗin nan ba wanda ya sha gabansa a lissafi. Ana shirin shiga ta shida mahaifinsa ya rasu, ya bar masa uwa da ƙanne huɗu da garka. Illo ya ajiye littafi ya ɗauki guga. Abokinsa Alkasum, wanda suke zama benci ɗaya, ya wuce Tawa, bayan shekaru ya dawo mana da wando mai guga da biro a aljihu, ya zama Mushe Alkasum, kamar yadda muke kiran malamin lakwal. Ba su bar abota ba. Ranar da aka ɗaura wa Alkasum aure, Illo ne babban aboki.

Lissafin bai bar Illo ba shi ma. Kowa na dashen albasa da ido, shi sai da igiya, layi a miƙe, yawan layukan daidai da yawan tushen da ke cikin kowane layi. Nakan ce masa albasar nan ba fareti za ta je ba. Abin da ke ransa kowa ya sani, so yake ya tsaya gaban allo da alli a hannunsa ko da na shekara guda ne.

A damina ta 1986 Alkasum yana shirin jarrabawar ƙarin girma. Bayan girbi, lokacin dashe, ya same mu a garka da la'asar, littafi a hammata, fuska a murtuke.

"Mi as same ka, Mushe?" in ji Illo.

"Wata tambaya ta hana ni sakat. Wai in kawo hujjar da tas sa in ka ninka lamba da kanta, amsar ba ta taɓa ƙarewa da biyu, ko ukku, ko bakwai, ko takwas. Kwana huɗu ina gwaji, gaskiya ne, amma dalilin ya ƙi hitowa."

Illo ya goge hannu a riga ya ce, "Wanga ai dashen albasa na. Taho ka gani."

Ya kai shi bakin wani fangali mai layi goma sha uku, kowane layi tushe goma sha uku. Ya ce a ɗauka tuge su za a yi a ɗaure goma-goma. Layi goman farko, ko nawa ne a cikinsu, za su ɗauru tsaf ba saura. Layi ukun da suka rage, goman farko na kowanne shi ma ɗauri ne. Abin da ya saura 'yar kusurwa ce, uku sau uku, tara. Ko fangalin ashirin da uku ne, ko ɗari da uku, kusurwar ita ce dai, da tara zai ƙare. Ke nan kusurwa goma kawai ake dubawa a duniya. Ya zana su a ƙasa da tsinke: ɗaya, huɗu, tara, sha shida ya ƙare da shida, ashirin da biyar da biyar, sai shida kuma, tara, huɗu, ɗaya, na goma ba saura ko ɗaya.

"Ina biyu? Ina ukku? Ina bakwai da takwas? Ba su da kusurwa, ba su da wurin hitowa."

Ni da ban taɓa shiga aji ba, sai da na gane. Alkasum ya tsuguna ya kwafe zanen cikin littafinsa, ya kama hannun Illo ya ce, "Wallahi kai ya kamata ka riƙa alli, ba ni ba. In Allah ya ba ni iko, sai na tsai da kai gaban allo." Da kunnena na ji. Alkasum ya ci jarrabawa, aka ba shi daraktan lakwal ɗin garinmu.

Bayan shekara biyu aka ce za a buɗe ajin yaƙi da jahilci na manya, ana neman ɗan gari mai karatu da lissafi ya koyar, kuma bakin darakta ne zai tsayar da mutum. Illo ya ɗinka riga sabuwa. Wata guda yana gwada rubutu da gawayi a bangon rumbu, matarsa Uwani na yi masa dariya.

Ranar zaɓe baƙo ya zo daga Konni a mota, wani dogon jami'in ilimi mai tabarau. Aka taru a gindin gawon lakwal, aka jingina allo. Alkasum ya tashi ya nuna wa baƙo yadda ake koya wa manomi lissafi da abin da ya saba da shi. Sai ga fangali a kan allo, ga ɗauri goma-goma, ga kusurwa. Ya ce hanya ce da ya ƙirƙiro. Na zunguri Illo, ya ce in bari, ai yanzu zai ambace shi.

Baƙon ya ji daɗi. Ya tambaya da Hausa, don jama'a su ji, "To ashirin da shidda fa? Ta ƙare da shidda. Ke nan akwai lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ita?"

Alkasum ya ce e. Sannan ya dubi allo ya ce a'a. Sannan ya hau goge allin hannunsa. Illo bai iya ganin abokinsa cikin kunya, sai ya miƙe.

"Ranka shi daɗe, abin da Mushe ka nuhi shi na, lambar ƙarshe tana kore, ba ta tabbatarwa. In ka ga bakwai, ka san babu. In ka ga shidda, sai ka bincika. Biyat sau biyat ashirin da biyat, shidda sau shidda talatin da shidda. Ashirin da shidda ba ta da fangali."

Baƙon ya cire tabarau ya dube shi sosai, ya juya ya tambayi Alkasum wani abu da Faransanci. Alkasum ya yi 'yar dariya ya amsa da Faransanci, ya ɗan daɗe yana magana. Baƙon ya gyaɗa kai ya mayar da tabarau. Illo ya zauna a hankali. Kafin azahar aka sanar cewa Lurwanu, ƙanen matar Alkasum, shi ne malamin aji.

A hanyar gida nake ta faɗa. Sai da muka kai bakin rijiyarsa sannan Illo ya ce, "Ka san mi yac ce? Wai ni mai ban ruwan garka na, shi yak koya mani wanga abu, na hardace kamar aku. In an kauce daga nan ban san komi ba, ko sunana da ƙyar nike rubutawa."

Alkasum ya ɗauka shekara ashirin na jan guga sun wanke Faransancin daga kan Illo. Ko kalma ɗaya ba ta ɓace masa ba. Ni har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Mutum ya ci amanarka a bayan idonka, da sauƙi. Wannan a gabansa aka yi, yana tsaye cikin sabuwar riga.

Ban ƙara gai da Alkasum ba. Illo yana gai da shi, gaisuwar hanya, bai taɓa tayar da maganar ba. Ya koma kan albasarsa, ya aurar da ƙannensa, ya sa 'yarsa Tsahara a lakwal.

Wata rana a 1994 muna zaune a zaurensa muna ɗinke buhuna, Tsahara ta dawo daga lakwal da murnarta, tana ajin ƙarshe, ajin darakta.

"Baba, tsaya in koya maka dabarar Mushe Alkasum."

Ta tsuguna ta zana fangali, ta ware goma-goma, ta nuna kusurwa. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Illo ya ajiye basilla yana kallon yatsanta har ta gama.

"Ka gane, Baba?"

"Na gane."

"Mushe ya ce manoma ba su saurin ganewa, amma kai ka yi ƙoƙari."

Na buɗe baki, Illo ya taka mini ƙafa. Sai da ta shige cikin gida ya ɗaga.

"Bar ta," ya ce. "Gobe ajinai za ta."