Cokali a Hannun Dama

Na fara jin sunan Juwairiyya ɗiyar Gambo a bakin tur'a, magudanar ruwan gonaki, wata safiya da muka je wanki da innata Hannatu. Inna Talatu, maƙwabciyarmu, tana matse jallabiyar mijinta tana ba mata labari.

"Kun ji ɗiyar Gambo ta komo daga Hartum? Shekara huɗu, wai ta zama likita. Na ce ta yi min allurar ciwon baya, ta ce ba ta allura. Na ce to ƙwaya. Ta ce ba ta ƙwaya. Na ce to ke mi kike yi? Wai koya ma mutane riƙon cokali da sa maɓallin riga!"

Mata suka kwashe da dariya, har wata ta saki sabulunta cikin ruwa. Daga ranar sunanta ya koma likitar cokali. Ni ma na yi dariyar. Ina ajin ƙarshe a sakandare lokacin, ina ganin na san abin da ake kira likita.

Aikin nata da Larabci ana ce masa ilajul wazifi, wato jinyar da ake yi wa mutum da ayyukan yau da kullum, har ya koma ci da sha da sa tufa da alwala da kansa. Daga baya na san dalilin da ya sa ta zaɓe shi. Mahaifinta Gambo bai taɓa mallakar hawasha, wato gonar kansa, ba, gonar wani yake nomawa a raba amfanin. Mahaifiyarta kuwa kisra take yi ta sayarwa, wato gurasar dawa marar kauri. Juwairiyya tana 'yar shekara tara uwar ta faɗa kan kaskon kisra da tafin hannu. Ƙunar ta warke, amma yatsun suka warke a dunƙule, ba su sake buɗewa ba. Sai da ta shiga karatu ta gane cewa da an ɗaure yatsun a miƙe kan ɗan katako, ana motsa su kullum, da hannun bai mutu ba. Ta ce min ranar da malaminsu ya faɗi haka a aji, fita ta yi waje ta daɗe a tsaye.

Gidanmu ta shigo saboda kakana, Alhaji Salih. Duk hillarmu, wato ƙauyenmu, an san rakubarsa, rumfar da yake zama. Sama da shekara talatin, in hantsi ya yi, maza kan taru a inuwarta a ajiye siniya ɗaya, babban farantin abinci, a ci tuwon asida da miyar kuɓewa a kwano ɗaya, a sha gahawar jabana, a yi gardamar rabon ruwan gona. A kakar tsinkar auduga ta wannan shekarar ya faɗi yana alwala, ɓarinsa na dama ya shanye. Bayan mako biyu a asibiti a Sinnar aka dawo da shi. Baki ya dawo, ƙafa tana ja, kafaɗa da gwiwar hannu suna ɗan motsi, amma yatsu sun ƙi riƙe komai. Innata ce ke ba shi abinci a baki a cikin ɗaki, ƙofa a rufe.

Babana ya ɗauko Juwairiyya. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, ta shigo da jakar leda a hannu. Ta durƙusa ta gaida Kaka, ta duba hannun, ta sa shi ya ɗaga, ya tura, ya ja. Ta hana mu jan sa ta wannan hannun in za mu tashe shi, ta ce kafaɗar a sake take, tana iya gocewa. Ta nuna mana a fara sa riga ta hannun da ba shi da lafiya, a cire ta nan a ƙarshe. Duk wannan Kaka ya saurara. Sai aka kawo abinci. Ta zaunar da shi tsaf, ta shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle ƙarƙashin kwano don kar ya zame, ta ɗauki cokali ta sa masa a hannun hagu.

Kaka ya dubi cokalin, ya dube ta.

"Ɗiyar wa kika ce kike?"

"Ɗiyar Gambo, Baba Alhaji."

"Gambo da nis sani? To ki gaishe shi."

Ya ajiye cokalin ya juya fuska ga bango. Kwana uku bai ci komai ba sai shayi. Aka kira limaminmu ya gaya masa cewa addini ya yi wa mai lalura rangwame. Kaka ya ce, "Malam, na san Allah ya yafe. Amma Ahmad mai shago bai yafe ba. Shekara talatin muna sa hannu kwano guda, yanzu in tura mishi hagu cikin miya?"

Rana ta huɗu Juwairiyya ta dawo. Ba ta buɗe jaka ba. Ta zauna ƙasa kusa da angarib ɗinsa, gadon igiyar da yake kwance, ta ce, "Baba Alhaji, na yi kuskure. Ban tambaye ka ba. Mi kake so ka koma yi?"

Ya juyo ya dube ta. Sannan ya ce, "In fita rakuba. In ci da mutane, da hannun da ake ci da shi."

Washegari ta zo da robar cikin tayar keke. Ta yanka ta daidai zagayen tafin hannunsa, ta ɗinka mata ɗan aljihu, ta zura ƙotar cokali a ciki. Cokalin ya zauna a hannun dama ba tare da yatsu sun riƙe ba. Ta gasa guntun jarka a wuta ta lanƙwasa shi ya tallafi wuyan hannun, ta ce mu riƙa cirewa muna duba fata, in ta yi ja mu gaya mata. Daga nan aiki ya fara. Yau goge tabarma da tsumma, gobe tura kwano, jibi kai busasshen cokali baki sau ashirin. Ta kawo masa auduga ya yi ta ƙoƙarin tsinkewa, ta kawo ƙullun gari ya matsa. Yana yi yana mita.

"Nasiba, amaryata," yakan ce min, "ki ga abin da anka maida angonki. Wasan yara."

"To ango, in ba ka iya ba zan nemi wani."

"Wa za shi kwashe ki da wanga baki?"

Ana cikin haka aka yi sanarwar gwamnati za ta ɗauki mai irin aikinta a asibiti a Sinnar. Mutum ɗaya tak. Za a yi jarrabawar rubutu, waɗanda suka haye su tsaya gaban kwamiti. Wani asibitin kuɗi a Hartum kuma ya riƙe mata gurbi zuwa bayan Sallah, Gambo ya ce ba za ta zauna da takarda a akwati ba. In ta samu na Sinnar, za ta riƙa kwana a hilla tana shiga hafla, motar haya, da safe. In ta rasa, Hartum za ta koma, Kaka ya tsaya inda yake, cokali na kaiwa rabin hanya yana zubewa.

Tana da wani kundin tsoffin tambayoyi, amsoshi a bayansa. Kullum bayan la'asar, in ta gama da Kaka, sai mu zauna gindin dalbejiya ina yi mata tambaya. Wace jijiya ce in ta lalace wuyan hannu ke faɗuwa? A wata nawa jariri ke zama, a wata nawa yake tsintar abu da yatsa biyu? Ƙarfin tsoka daga sifili zuwa biyar, me kowane mataki ke nufi? A wane yanayi ake ɗaure hannun da ya ƙone? Wannan ta ƙarshen ba ta taɓa barina in gama karantawa ba.

Wata rana na zo kan wata tambaya na tsaya. Dattijo ne ɗan shekara saba'in, ɓarin dama ya shanye, yatsu ba sa riƙo, yaya za a koya masa ci da kansa? Na juya baya. Amsar ta ce a mayar da shi ga hannun da ke da lafiya, a ba shi kwano mai baki, a sa abin hana zamewa.

"Yaya Juwairiyya, ai abin da kika yi ranar farko ke nan."

"Shi ne."

"To don Allah in sun tambaye ki, shi za ki faɗa. Ki faɗa ki yi shiru. Na Kaka ki bar shi a gida."

Ta ce, "Karanta ta gaba."

Ta haye ta rubutu. Su shida aka kira gaban kwamiti. Ranar da safe ta zo ta durƙusa ta roƙi Kaka aron robarsa. Nan take na gane abin da take shirin yi. Kaka ya miƙa hannu na cire masa.

"Ki kai musu su gani. Amma ki maido min kafin la'asar, da ita nike cin tuwo."

Na raka ta Sinnar. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, aka bar ƙofar ɗakin a buɗe saboda zafi, ni kuma ina kan benci a baranda ina jin komai. Su uku ne, wata likita mace, wani jami'i mai takardu, da wani dattijon likita mai tabarau. Da Larabci aka yi. Suka tambaye ta jijiyoyi, ta amsa. Suka tambaye ta yaro mai taurin gaɓoɓi, ta amsa. Sai likitar ta kawo tambayar nan, kusan kalma da kalma.

Juwairiyya ta ba da amsar kundi tsaf. Na ji likitar ta ce madalla. Na sauke numfashi. Sai na ji muryarta ta ci gaba.

"Amma na yi wa wani dattijo haka a ƙauyenmu, ya daina cin abinci kwana uku."

Na rufe fuskata da mayafi.

Jami'in ya ce, "Kina nufin littafin ya yi kuskure?"

"A'a, ya ustaz. Farkon abin da aka koya mana shi ne a tambayi mutum abin da yake so ya koma yi. Ni ce na tsallake wannan. Shi ba ci kaɗai yake so ba, so yake ya zauna a siniya da abokansa, kuma kun san ba a sa hagu a kwanon jama'a."

Dattijon ya ce, "Yatsu ba sa riƙo. Da me zai ci?"

Na leƙa. Ta buɗe jaka ta ajiye robar keken da cokalinta a kan tebur. Ta bayyana cewa kafaɗarsa da gwiwar hannunsa suna iya ɗagawa, don haka riƙo kaɗai ya rasa, shi ta maye masa. Dattijon ya zura hannunsa ciki, ya kai cokalin baki, ya sauke.

"In da kafaɗar da gwiwar ma ba sa motsi fa?"

"Sai hagun, ya dakta. Ba zan yi masa alkawarin abin da jiki ba zai bayar ba. Amma da na fara zama da shi da abokan cinsa tukuna, kafin in sa masa cokali."

Ya juya robar yana duba ɗinkin. "Za ki bar min wannan in nuna wa ɗalibai?"

"Ka yi haƙuri, ya dakta. Mai ita ya ce in mayar kafin la'asar."

Na ji likitar ta yi dariya. Jami'in bai yi ba. A hafla ban yi mata magana ba har muka wuce madatsar ruwa, don haushi nake ji. Ita kuwa tana riƙe da jakarta a cinya tana duba rana, kar la'asar ta yi mana a hanya.

Kwana goma sha ɗaya muka jira. Ranar da aka liƙa takarda, Gambo da kansa ya je, shi da bai iya karatu ba, ya sa wani ya karanta masa sau biyu. Ya sauko daga hafla bai nufi gidansa ba, rakubar Kaka ya zo ya tsaya ya ce, "Alhaji, ɗiyarka ba ta zuwa Hartum."

Ta ci gaba da zuwa kullum bayan ta taso aiki. Wata uku bayan haka, wata Juma'a da hantsi, Kaka ya sa aka kama shi ta hagu aka fito da shi. Ya zauna wurinsa, aka ajiye siniya. Mu mata muna leƙe ta zana. Ya yi bisimilla, ya kai cokali cikin asida, ya ɗago a hankali, hannun na rawa. Ɗigo ɗaya ya sauka kan jallabiya, sauran ya shiga baki. Ya haɗiye. Sai Ahmad mai shago ya ce, "Alhaji, gefena kake ci."

"Gefenka? Wata biyar kana cin nawa!"

Inna Talatu tana kusa da ni tana share ido. Ita ce daga baya ta kai wa Juwairiyya surukarta mai ciwon gaɓoɓi. Sunan likitar cokali bai fita ba, amma yanzu da shi ake kwatancen gidansu ga masu zuwa daga ƙauyukan Dindir.

Kaka ya yi shekara huɗu yana ci a rakubarsa kafin Allah ya karɓi abinsa. Robar tana wurina. Da yaƙi ya tashe mu daga hilla na wasu watanni, cikin littafin da nake rubuta haihuwa da aure da rasuwar gidanmu na naɗe ta. Juwairiyya ta san da littafin. Ranar sadakar bakwai ɗin Kaka ta same ni ina rubutu, ta tsaya a kaina.

"Nasiba, na san wata rana za ki sa ni a ciki. In za ki rubuta, kar ki fara da ranar da ya ci a rakuba. Ki rubuta cewa ni, ɗiyar hillar nan, na sa wa Baba Alhaji cokali a hagu ban tambaye shi ba. Kar ki cire min wannan."