Farfela a Kan Giginya

Zamanin Turawa ne, ina aure a Danchadi, shekarar da albasa ta yi kyau har maigidana ya fara jin kansa attajiri. Ya kai kaya Sakkwato, ya dawo da rediyo mai batir da wani dogon akwatin katako. Wai inji ne mai farfela, iska ta juya shi, shi kuma ya cika batir. Tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Abin da aka ce yana aiki ba ci ba sha, ai akwai lauje cikin naɗi.

Da aka baje kayan a tsakar gida na duba hoton jikin akwatin. A hoto akwai sarƙa tana reto har ƙasa, wadda ake ja a tsayar da farfelar. A cikin akwati babu ita. Na ce ko akawun kantin ya yi gaba da ita, ko kwantai aka haɗa shi da shi. Ya ce ban iya komai ba sai zargi. Na ci gaba da tankaɗena.

Aka kafa doguwar giginya bayan rumbu, aka yi mata matakai, aka ɗora injin a kai. Ya yi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Zaurenmu ya cika da masu jin labarai. Sai dai da yake babu sarƙa, duk iskar da ta yi ƙarfi dole ya hau ya karkatar da farfelar ya ɗaure. Daga can sama kuwa ana hangen gidan maƙwabcinmu tar, har makewayi.

A garinmu ko jinka za ka hau, sai ka sanar da maƙwabta, iyali su shige, a ce maka hau. Maƙwabcin nan dattijo ne, abokin marigayi surukina, kuma tun ranar da aka ɗaga giginyar yake mata kallon hadarin kaji. Ya tare maigidana a ƙofar masallaci ya ce, "Yaro, mi kaka nema bisa wanda babu ƙasa?" Aka fara ƙus-ƙus cewa ba don rediyo yake hawa ba. Abin ya ƙona masa rai, ya rantse gaban jama'a ba zai sake taka giginyar ba sai Baba, wato dattijon, ya ba da izini.

Ni ke miƙa saƙon ta kan darni ga Inna, matar dattijon. Da farko amsa nan take. Daga baya ta fara jan ƙafa: yau Malam na alwala, gobe ya kishingiɗa. Ina lura.

Ran nan bayan la'asar, farkon damina, hadari ya haɗo daga gabas. Farfela ta fara wani irin kuka, giginya na rawa. Na ruga darni na kira Inna.

"Malam na wuridi, ɗiyata," in ji ta. "Ba a katse shi."

Na leƙa ta kafar darni. Iska ta kore kowa ɗaki, ko kaza babu a tsakar gidansu. Na dawo na sami maigidana a gindin giginyar, igiya a kafaɗa, hannunsa a kan matakin farko.

"Hau, babu kowa waje," na ce.

"Ba a ce mani in hau ba."

Haka ya tsaya yana kallon sama har fiffike ɗaya ya ɓalle ya yi gona, sauran suka bi shi. Haushi ya kama ni, tausayinsa kuma ya fi haushin. Har yau ban yarda wuridin nan ya kai tsawon haka ba.

Ruwa ya sauko kenan muryar Inna ta ƙetaro darni: "Malam ya ce shi hau."

Maigidana ya share ruwan fuskarsa ya ce a yi wa Baba godiya. Sannan ya hau ya kwanto abin da ya rage.