Layin da Na Tsallake a Takardar Ƙanena

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni ma'aikacin otal ne a Jarwal, nan Makka, kuma a gidanmu ni ake yi wa kallon gwanin hawan dutse. Duk baƙon da ya ce yana son ganin kogon Hira, ni ake turawa in haura da shi Jabalin Nur. Ni kaɗai ne kuma mai karanta Turanci, don haka kowace takarda ta shigo gidan a hannuna take ƙarewa. Ƙanena kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, shagon turare yake tsaro a Utaibiyya, mutumin da ko benen gidanmu ya hau sai ya tsaya yana haki.

Kwatsam sai ga shi da labarin wai abokansa sun sa shi cikin tafiyar hawan dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya, da jagora da masu dako, kwana bakwai cur. Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Umma ta dinga buga waya Kano da Sudan tana shelar autanta zai taka ƙanƙarar saman dutsen, ni da na ƙarar da gwiwoyina a duwatsun Makka ko sunana ba a ambata. Ya shiga atisaye bayan Asuba, tumbin ya zube, kowa sai masha Allah, ni kuma ina yaƙe.

Da takardar shiri ta iso daga jagoran, ya kawo mini cikin ladabi, ya ce Yaya a taimaka. Na karanta masa komai, rigunan sanyi, safar hannu, yawan shan ruwa, tafiya sannu a hankali. Layi ɗaya na tsallake da gangan, inda aka ja kunne cewa lallai ya yi makonni yana yawo da sabon takalmin hawan har ya saba da ƙafarsa. Da ya tambaye ni ko ya fara sawa, na ce haba, takalmi mai tsada haka ai kamar kayan Sallah ne, ya bar shi a kwali sai ranar. Ya yi dariya ya ce gaskiyata ce. A raina cewa nake ya ɗan ji jiki, rawar kan ta ragu.

Kwana uku da fara hawa dugadugansa suka saɓule har suka yi ruwa, masu dako suka sauko da shi a ɗauke, abokansa suka wuce ƙololuwa. Wata guda ya yi a kwance. Daga baya ɗaya daga cikin abokan ya gaya mini cewa jagoran ya buɗe takardar ya nuna wa ƙanena layin, aka fassara masa da Larabci. Ashe ya sani! Har yau bai ce mini uffan a kan maganar ba, yana gaishe ni, yana ba ni girmana. Amma shekara uku ke nan, ko takardar asibiti ce gara ya tsallaka titi ya kai wa maƙwabci.

Na gane cewa hassada ba sai ka ɗaga hannu a kan mutum ba, shirun da ka yi da gangan ma ya isa. Don Allah duk wanda ɗan'uwansa ya amince da shi ya miƙo masa takarda, ya karanta masa ita duka, ko da zuciyarsa na ƙuna. Ƙafar ƙanena ta warke sarai. Ni ne har gobe ban iya haɗa ido da shi idan mun zauna cin abinci.