Waƙar Turmin Kakarmu a Rediyo

Rannan na ji ƙarar jiniyar tashi daga aiki a Sharaɗa, sai na tsinci kaina ina cije leɓe. Bari in gaya maka dalili.

A gidan haya muka tashi a Ɗorayi. Babanmu a masaƙa yake aiki, yakan dawo da ɓurɓushin auduga a gashinsa, mu yi ta rige-rigen tsince masa. Wata damina inji ya cinye masa yatsun hannun dama. Foman ɗinsu, mai kula da ma'aikata, shi ne ya cire murfin injin don aiki ya yi sauri, amma a gaban manaja ya rantse cewa gyangyaɗi Baba yake yi. Aka sallame shi hannu a naɗe. Ni na riƙa ba shi tuwo a baki, yana kawar da kai don kada in ga idonsa.

Kaka, wadda ta haife shi, ba ta zubar da hawaye ba. Taɓarya ta ɗauka. Tana daka tana waƙa, ba ta kama suna ba, amma ta ambaci mai jar hula, mai babur mai tari, wanda ya ci yatsun ɗanta ya wanke baki da rantsuwa.

A ɗakin ƙofar gida akwai wani saurayi ɗan Filato, ma'aikacin gidan rediyo. Tasharsu ba ta sa komai sai waƙoƙin manyan makaɗa, na sarauta da na yabon masu hali. Ya zo ya durƙusa.

"Kaka, ku bar ni in ɗauka a kaset."

"Korar ka za su yi, ɗan nan."

"Su kora."

Ta dube shi, ta ce, "To matso da abin kusa da turmi, ya ji da kyau."

Washegari da hantsi, a tsakiyar shirin zaɓin masu sauraro, sai ga dakan turmi da muryar tsohuwa. Masu abinci a ƙofar masaƙa suka ƙure rediyo. Kafin a ce me, waƙa ta kai masana'antun Challawa, ta kai na Bompai. In foman ya shigo, ma'aikata su soma buga ƙarfe daidai da dakan. Mai ƙosai ta ƙi sayar masa. Ya sake hula, ya sayar da babur, waƙa ba ta sake shi ba, har ya ajiye aikin. Ranar na yi rawa a cikin ruwan sama.

Saurayin nan kuwa an mayar da shi ɗakin ajiyar kaset, ba a sake jin muryarsa a rediyo ba. Baba ma bai koma aiki ba.

Yau masaƙar ta zama sito, gidajen rediyo kuma ba irin kiɗan da ba sa sawa. Bayan rasuwar Baba, foman ya aiko daga Na'ibawa, wai tsufa ya kwantar da shi, a yafe masa. Na ce wa ɗan aiken, ai Baba ya yafe tun yana raye, wannan nasa ne. Ni kuwa na koya wa 'ya'yana waƙar, baiti bayan baiti, kuma sun iya.