Gwangwanin Shayin Merv

Shekara arba'in Merv Tulloch ya yi yana askin tumaki, har kafaɗarsa ta dama ta gaji aka yi mata aiki. Amma da shayi aka fi saninsa. Duk Afrilu, da sanyi ya fara saukowa, yakan kwashi iyalinsa su hau duwatsun Victoria su kafa tanti. In shayi ya tafasa a gwangwani, sai ya kama mariƙin ya wulwula shi ta saman kansa sau uku don ganyen ya kwanta, ko ɗigo ba ya zuba.

Bana matarsa Noelene ta ce ba da ita ba.

"Tsoho, ka rufa mana asiri. Asibiti tafiyar awa uku ce."

"Ke dai ciro burodinki daga toka kafin ya ƙone," in ji shi.

Ta ciro ta shafa zuma, amma idonta na kansa. Merv ya gyara tsayuwa. Gwangwani ya tashi ya zagayo sau ɗaya, sau biyu. A na uku fuskarsa ta yamutse, amma hannu bai saki ba. Wuri ya kaure da tafi.

Ya zuba mata kofin farko yana haki. "To, sarauniyar tsoro, yaya?"

Ta kurɓa. "Ganye ya yi yawa."

Sai lokacin ya hango bokitin ruwan sanyi da jiƙaƙƙen tawul a gefen kujerarta. Duk shekara takan tanade su, ko da shayin zai zubo ya ƙona shi. Bana ne kawai ta manta ba ta ɓoye ba.